Tambaya da Amsa: Yini Ɗaya a Fadar Versailles

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin zuwa Paris ganin ɗana da ke karatu a can, kuma ya ce zai kai ni fadar Versailles. Shin yini ɗaya zai isa, kuma me ya bambanta ta da fadar Sarkin Damagaram? Daga wata Hajiya, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya kai ki lafiya. Yini ɗaya zai isa idan kun yi sammako, amma ban da ranar Litinin, domin ranar ake rufe ginin. Tazararta da Paris kimanin kilomita 20 ce, kuma jirgin ƙasa na RER C yana sauke mutane kusa da ita.

Babban bambancin shi ne, fadarmu tana da sarki a ciki har gobe, ita kuwa wannan, wadda Sarki Luwi na 14 ya mayar mazaunin mulki a 1682, rabonta da sarki tun watan Oktoba na 1789, lokacin da jama'ar Paris suka tasa Luwi na 16 da iyalinsa zuwa birni. Salon gininta shi ake kira barok, wato ado a kan ado, ruwan zinariya da zane har a rufi. Zauren madubai ya fi kowane ɗaki jan jama'a: tsawonsa mita 73, madubansa 357, kuma a nan aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1919.

Amma a ganina lambun da André Le Nôtre ya tsara ya fi cancantar lokacinki, musamman ke da kika fito daga garin da ya san darajar ruwa. Wurin ba shi da babban kogi, sai da aka gina injin Marly mai manyan ƙafafu 14 da ruwa ke juyawa a bakin kogin Seine don turo ruwa, kuma duk da haka bai wadatar ba, har ma'aikata kan buɗe maɓuɓɓugan ado masu feso ruwa a lambun idan sarki ya doso, su rufe da zarar ya wuce. Yau ma ba kullum ake sakin ruwan ba, sai wasu ranaku daga bazararsu zuwa kaka, kuma a ranakun akan biya kuɗin shiga lambun.

Filin ya kai kimanin hekta 800, don haka ki sa takalmi mara tsini, idan ƙafa ta gaji kuma akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagayawa da baƙi.