Ramin zinaren da ya ɓata: amsar maigida ga yaronsa

Jiya muna wanke ƙasa ka tambaye ni, "Maigida, ramukan zinaren nan da ake cewa sun ɓata, mai su ya mutu bai nuna wa kowa ba, da gaske akwai su? Kuma me ya hana mu nema?" Ban amsa maka ba saboda hannuna na cikin ruwa. Zauna ka ji.

Wanda ya fi suna a duniya yana Amurka, a jihar Arizona, cikin duwatsun da ake kira Sufastishin. Wani Bajamushe mai suna Jacob Waltz ya rasu a garin Finiks a 1891. Aka ce yana da wani rami mai zinare ba kaɗan ba, kuma kafin ya cika ya kwatanta wa matar da ta yi jinyarsa, Julia Thomas, inda yake. Ta shiga duwatsun ta nema, ta dawo hannu rabbana. Ka san abin da ta koma yi? Sayar da taswirar wurin. To, ka tsaya nan ka yi tunani, yarona. Wanda ya san inda zinare yake, takarda zai sayar?

Shekara 40 bayan haka, a 1931, wani dattijo Adolph Ruth ya shiga da tasa taswirar, bai fito ba. Sai bayan kusan wata shida aka tsinci ƙoƙon kansa. Har yau ana shiga, wasu ƙishirwa da zafi su kashe su. Ga shi kuma masana ƙasa sun daɗe da cewa yawancin duwatsun nan toka ce da narkakken dutse na aman wuta, alamar zinare a cikinsu kaɗan ce.

A Ostireliya ma an yi irinsa. Harold Lasseter ya ce tun yana saurayi ya ga jijiyar zinare, wato layin dutse mai zinare, mai tsawon mil da yawa a tsakiyar hamada. A 1930 aka haɗa kuɗi, aka ba shi motoci har da jirgin sama, suka tashi daga garin Alis Sifirin. Abokan tafiya suka ga kwatancensa ba ya haɗuwa da ƙasar da suke takawa, suka juya. Shi ya ci gaba da raƙuma, ya mutu a can a farkon 1931. Ba a ga jijiyar ba har yanzu.

Ka lura da zubin labaran. Kullum mutum ɗaya ne ya gani, ya mutu ko ya manta hanya, alamar kuma dutse ne mai kama da wani abu, ko bishiyar da ta daɗe da faɗuwa. Abin da ba ka taɓa ji shi ne sakamakon awo: giram nawa a tan ɗaya, wa ya ɗebi samfurin, daga zurfin nawa.

Ba na ce duk ƙarya ba ce. Akwai yadda wuri yake "ɓata" a aikinmu, kuma na gani da idona. Wani lokaci zinare yakan taru a ɗan aljihu guda cikin farin dutse, mutum ya kwashe a kwana uku, ya ɗauka gaba ma haka take, alhali ya ƙare ke nan. Wani lokaci jijiya tana tafiya sai ta tarar da tsagewar ƙasa, ta yanke, ragowarta ta goce sama ko ƙasa da taku masu yawa. Ambaliya kuma takan binne rairayin rafi mai zinare cikin dare ɗaya. Waltz ɗin ma mai yiwuwa yana da zinare na gaske. Samun 'yan duwatsu masu kyau a akwati daban, samun ramin da zai ciyar da gari daban.

Amma babban rami ba ya ɓuya. Don ka fitar da zinare mai auki sai ka fasa dutse tan-tan, kuma dutsen nan dole a zubar da shi a wani wuri. Za ka ga tulin tsakuwa, wurin niƙa, hanyar da aka bi da kaya, inda aka ɗebi ruwa. A Zimbabuwe, Turawan da suka shiga bayan 1890 yawancin ma'adinansu a kan tsofaffin ramukan mutanen da suka riga su suka kafa su, don ramukan na nan a fili. Ita ƙasar ma tana tona asiri. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, saboda haka in ruwa ya zaizaye jijiya, ƙwayoyin suna kwantawa a rafin da ke ƙasa da ita. Shi ya sa nake sa ka wanke tasa bayan tasa kana hawa rafi. In ƙwayoyin suna ƙara yawa, suna ƙara kaushi, kana matsowa kusa. In suka ɗauke, to ka riga ka wuce jijiyar, sai ka koma baya ka hau gangaren.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kanka shi ne masu barbaɗa. Mutum ya zuba garin zinare a samfuri, ya kai ka ka gani da idonka. Kada ka ce sai baƙauye ake yi wa. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu a Busang, cikin Indunusiya, bayan an ce akwai zinare oza miliyan 70 a wurin. Wani kamfani ya haƙa nasa ramukan gwaji a gefen nasu, bai sami abin kirki ba. An gano zinaren rafi ake zubawa a samfurin Bre-X, ƙwayoyinsa masu sulɓi da ruwa ya goge, ba irin na cikin dutse ba. Masu hannun jari suka yi asarar biliyoyin daloli.

Saboda haka in wani ya zo maka da taswira, ko da dutse a aljihu, ka ce ya kai ka wurin. Ka ɗebi samfuri da hannunka, daga inda kai ka zaɓa, ba inda ya nuna ba, ka ɗaure bakin buhun, kada ya kwana a hannunsa. Ka raba biyu, ka kai wuraren awo biyu da ba su san juna ba. In ya fara cewa tafiyar da nisa, sai an ba da kuɗin mota tukuna, ka gaishe shi ka dawo.

Tashi ka ɗauko tasar nan, ƙasar jiya ba mu gama wanke ta ba.