Tambaya da Amsa: Hutun Kwana Huɗu Tsakanin Hong Kong da Makau

Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna da hutun kwana huɗu, muna so mu ga Hong Kong da Makau. Tunda duka ƙarƙashin ƙasar Sin suke, biza ɗaya za ta ishe mu? — Wata mai karatu

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba za ta isa ba, kuma nan ne tafiyar mutane da yawa take lalacewa tun kafin a ɗaure kaya. Ingila ta mayar wa Sin da Hong Kong a 1997, Portugal ta mayar da Makau a 1999, amma har yau kowane birni yana da hukumar shige da ficensa, da dokarsa, da kuɗinsa. Bizar Sin ba ta shigar da mutum ko ɗaya daga cikinsu, izinin Hong Kong kuma ba ya aiki a Makau. Ku bincika abin da kowanne yake buƙata daga mai irin fasfonku: wasu ƙasashen ba sa buƙatar biza, wasu kuwa dole su samu tun daga gida.

Ga abin da aka fi mantawa. Da zarar kun tsallaka Makau, kun fita daga Hong Kong ke nan a idon hukuma. Idan bizarku ta shiga sau ɗaya ce, ta ƙare, alhali akwatunanku suna otal a Kowloon, wani yanki na Hong Kong, jirgin komawa ma daga can zai tashi. Ko dai ku nemi biza mai shiga sau biyu, ko ku fara da Makau: akwai hanyar wucewa can kai tsaye daga filin jirgin saman Hong Kong ba tare da an bi ta shige da ficen birnin ba, in kun gama sai ku shigo Hong Kong sau ɗaya tak. A biranen biyu, jami'an shige da fice ba sa buga hatimi a fasfo, 'yar takarda suke bayarwa mai ɗauke da ranar da izininku zai ƙare. A adana ta.

Ta ruwa ya fi ko ta gada? Kuma yaya zan raba kwanakin? — Wani mai karatu

Malam, ya danganta da inda ka sauka. Jirgin ruwa yana tashi daga Sheung Wan, tashar tana haɗe da ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato MTR, tafiyar kamar awa ɗaya ce. Gadar da aka buɗe a 2018 mai tsawon kilomita 55, motocinta suna aiki dare da rana kuma sun fi araha, sai dai tasharsu tana can kusa da filin jirgin sama. Wanda yake tsakiyar gari sai ya ɓata lokaci kafin ya kai can, ribar ta tafi a hanya. Mai jin jiri a kan ruwa ya bi gada.

Mu dai shawararmu, Hong Kong kwana uku, Makau yini guda, kuma a tsakiyar mako, domin Asabar da Lahadi tsohon garin ba masaka tsinke. Ka fita da sassafe. Daga tashar jirgin ruwa ka hau bas mai lamba 3 zuwa dandalin Senado, pataka 6 ne (pataka ita ce kuɗin Makau), direba ba ya ba da canji. Daga dandalin, tafiyar kamar minti goma a ƙafa za ta kai ka gaban kufan cocin St. Paul, wanda gobarar 1835 ta cinye ta bar bangon gaba kaɗai a tsaye. Ka hau ganuwar Monte da ke gefensa, daga nan ake ganin tsohon gari da sababbin benaye lokaci ɗaya. UNESCO ta sa wannan yanki cikin kayan tarihin duniya a 2005. Ƙasan duk ƙananan duwatsu ne da aka jera, suna santsi in an yi ruwa, takalmi mai tsini bai dace ba.

Batun kuɗi: ana karɓar dalar Hong Kong a Makau ɗaya bisa ɗaya, duk da ta ɗan ɗara pataka daraja, amma sau da yawa canjin da pataka za a ba ka, kuma ba mai karɓarta a Hong Kong. Ka kashe ta kafin ka hau jirgin dawowa.

A Hong Kong, fara da sayen katin Octopus, shi ke biyan MTR da bas da jirgin ruwa har da kantuna. Tsaunin Victoria Peak, kada ka sa masa rana tun daga gida. Ka ɗaga kai da safe, in gajimare ya rufe kansa ka sauya shiri, don ba abin da za ka gani sai fari fat. Jirgin da ke hawa tsaunin tun 1888 yake aiki. Zauna a ɓangaren dama wajen hawa. In layi ya yi tsawo, bas mai lamba 15 daga Central yana kaiwa. Ba dole ka biya kuɗin hawa dandalin kallo ba, hanyar Lugard kyauta ce, kuma a ganinmu kallonta ya fi daɗi. Da yamma ka tsallaka da jirgin ruwan Star Ferry zuwa Tsim Sha Tsui. Rana guda ka ware wa tsibirin Lantau: motar igiya (mai tafiya a sama rataye da igiya) daga Tung Chung minti 25 ce, sannan matakala 268 zuwa babban mutum-mutumin Buddha. Kada ka ci ko ka sha bayan ka wuce ƙofar MTR, tarar tana iya kaiwa dalar Hong Kong 2,000.

Ina za mu yi salla, kuma yaya batun abincin halal? — Wata mai karatu

'Yar'uwa, a Hong Kong da sauƙi. Masallacin Kowloon yana kan titin Nathan, dab da tashar Tsim Sha Tsui, gidajen abincin halal kuma suna nan kewaye, musamman a ginin Chungking Mansions. A Wan Chai akwai Masallacin Ammar, a hawa na biyar ɗinsa akwai wurin cin abinci inda ake samun dim sum na halal, ƙananan ƙunshin nama da kayan lambu da ake turarawa a kwandon gora. Ki je da wuri, kafin azahar.

Makau ce ke son lura. Masallaci ɗaya ne, kuma ba a kan hanyar masu yawon buɗe ido yake ba, don haka ki tafi da guzuri. A lungun da ya haura zuwa St. Paul masu kanti za su riƙa miƙo miki yankan busasshen nama da almakashi a hannu, wai ki ɗanɗana. Yawancinsa na alade ne. Biskit ɗin almond da ake yayi ma wasu da kitsen alade ake haɗa shi, sai kin karanta jikin kwali.

Tikitin watan Agusta ya fi araha. In saya? — Wani mai karatu

Arahar da dalilinta, Malam. Daga Yuli zuwa Satumba ne guguwar teku ta fi ƙarfi, ga zafi da gumi. Idan hukumar yanayi ta ɗaga alama mai lamba 8, jiragen ruwa suna tsayawa, kantuna su rufe, motar igiya ma ba ta aiki. Mai kwana huɗu in ya rasa biyu, rabin hutunsa ya tafi. Daga tsakiyar Oktoba zuwa Disamba ne sama ta fi washewa. Ka kauce wa makon farko na Oktoba, lokacin hutun ƙasa ne a Sin, otal yana tsada. In dole sai Agusta, kada ka bar Makau zuwa ranar ƙarshe, ka je a rana ta biyu, domin ko hanya ta rufe kana da sauran lokacin da za ka dawo ka riski jirginka.