Amsa: Abin taɓawa na walima ga baƙon da alkama da gyaɗa ba sa karɓarsa

'Yar uwa, kin tambayi abin da za ki ajiye wa irin wannan baƙo. Ki yi ƙosai da masar shinkafa zalla, ba fulawa a ƙullun. Haɗarin yana wajen markaɗe: injin unguwa da ya niƙa alkama zai gurɓata ƙullun, gara ki markaɗa a gida. Man da aka soya cincin ko fanke kada ki maimaita shi, man gyaɗa kuma ki bar shi, ki yi da manja.

Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, don haka ki yi miyar dangwale: tattasai 4, attaruhu 1, albasa 1, manja cokali 3 da gishiri, ki soya har ruwan ya ƙone. Ki karanta kwalin dunƙulen miya, wasu akwai alkama a ciki. Kowane kwano da cokalinsa.