Ba sabar ce ta gaza ba, lasisin ne ya ɗaure ta

Ka ce kun sayi sabuwar saba mai ƙwayoyin furosesa 32 da RAM gigabayit 256, amma SQL Server Standard, wato matsakaicin bugu na manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, bai ƙara sauri ba, dillali kuma na matsa muku ku koma Enterprise, babban bugunta. Injin lafiyarsa ƙalau, lasisin ne ke da takunkumi. Daga fitowar 2016 zuwa ta 2022, Standard ba ya wuce ƙwayoyi 24 ko soket (mazaunin furosesa) 4, duk wanda ya fi ƙanƙanta, kuma ma'ajiyar bayanansa a RAM tana tsayawa a gigabayit 128. Abin da ke ci mini rai shi ne, idan kai tsaye aka girka shi a kan injin, sai an biya lasisin duka 32 ɗin, har da 8 da ke zaune ba aiki. Enterprise kuwa kuɗinsa ya kusa ninki huɗu a kowace ƙwaya.

Kada ka sa hannu tukuna, ɗan'uwa. Mun taɓa shiga wannan halin, wani dillali har ya kawo mana takardar farashi, ashe a sabar gaibu (wadda manhaja ke ƙirƙira a cikin injin gaske) aka raba ƙwayoyi 8 kowace da soket ɗinta, Standard ya ɗauki 4 ya bar sauran. Buɗe jadawalin sys.dm_os_schedulers a cikin SQL Server ka ƙirga layukan da aka rubuta VISIBLE OFFLINE, su ne ƙwayoyin da ba ya amfani da su. Mu da muka mai da ƙwayoyi 8 ɗin nan soket ɗaya, rahoton ƙarshen wata da ke kwana yana gudu ya riƙa kammalawa kafin a tashi aiki. Sai ka ga 24 ɗin sun cika maƙil a lokacin cunkoso, sannan maganar Enterprise ta taso.