Alhaji, Kafin Ka Biya Kuɗin SD-WAN, Je Ka Dubi Ƙarfen Sabis na Ƙauyen

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina sayar da taki da iri da maganin feshi. Babban shagona yana Hadejia, ina da sito a wani ƙauye kimanin kilomita 12 daga gari, da kuma reshe a Gumel. Manhajar lissafin kaya tana kan kwamfuta ɗaya a Hadejia. So nake duka wuraren su riƙa shiga cikinta, in kuma riƙa ganin kyamarorin sito a wayata. Yanzu da MiFi muke lallaɓawa, sabis kullum cikin ɗaukewa yake. Wani ɗan kwangila daga Kano ya kawo mini farashin abin da ya kira SD-WAN, har da lasisin da za a riƙa sabuntawa da dala duk shekara. Ɗana kuma ya ce in sayi Starlink uku in huta. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka sa hannu a takardar nan tukuna, kada kuma ka sayi Starlink uku. Guda ɗaya a Hadejia ta isa, sauran aikin na ƙananan na'urori ne da ba a biya musu lasisi.

SD-WAN ba yaudara ba ce. A da, banki mai rassa da yawa keɓaɓɓen layi yake haya daga kamfanin sadarwa, wanda ake kira MPLS, kuma tsadarsa ba ta wasa ba ce. Sai aka fito da SD-WAN, wato akwatin da ake ajiyewa a kowane reshe, a jona masa duk intanet ɗin da aka samu, faiba ko sim ko tauraron ɗan adam. Shi kuma yana auna lafiyar kowace hanya dare da rana, ya tura kowane aiki ta wadda ta fi kyau a lokacin, injiniya ɗaya yana kallon duka rassan daga hedikwata. A 2017 Cisco ya sayi Viptela, VMware ya sayi VeloCloud, duka biyun masu yin irin wannan akwatin, daga nan abin ya zama yayi. Ga mai rassa ɗari biyu, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Kai wurare uku gare ka, kuma abu biyu kake nema a ciki: in hanya ɗaya ta mutu a koma ɗayar, sannan a sami rufaffiyar hanya tsakanin shagunan. Rawuta, wato akwatin da ke rarraba intanet, ta kamfanin MikroTik mai manhajar RouterOS 7 tana yin duka biyun, da zarar ka saye ta shi ke nan. Ka kuma tambayi ɗan kwangilar me zai faru ranar da lasisin ya ƙare, don akwai irin akwatunan da ke daina wuce da intanet gaba ɗaya bayan ɗan wa'adi. Wanda ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ba ya ɗaukar wa kansa bashin dala na shekara-shekara da ganganci.

Babban abin da takardar ba za ta gaya maka ba shi ne akwatin ba ya haifar da intanet. Zaɓa kawai yake tsakanin hanyoyin da ka ba shi. A nan ne mutanenmu na karkara suke asarar kuɗi, don sai mutum ya sayi sim na kamfani biyu ya ɗauka ya yi tanadi. Tun 2014 MTN da Etisalat suka miƙa ƙarafan sabis ɗinsu ga kamfanin IHS, Airtel kuma ya sayar da nasa ga kamfanin American Tower, saboda haka a ƙauyuka da yawa kamfani biyu ko uku a ƙarfe ɗaya suke rataye, janareta ɗaya ke ba su wuta. Guga biyu ne a rijiya ɗaya.

Ka je da kanka ka tsaya a gindin ƙarfen sabis na ƙauyen da sitonka yake. Dogayen fararen allunan da ke can sama su ne ke magana da wayoyin mutane. In ka ga sahu biyu ko uku a tsayi daban-daban, alama ce kamfanoni ne suka haɗu a kansa. Abin nan mai da'ira kamar ganga kuwa shi ke harba saƙo zuwa wani ƙarfen, shi ma ya harba gaba, har a isa inda faiba take. Sannan ka tambayi masu cajin waya da masu POS na wurin, su ne suka fi kowa sani: in sabis ya ɗauke, na kowa ne yake ɗaukewa lokaci guda, ko wani yana saura? In suka ce duka ne, to sim na biyu ba zai tsinana maka komai ba. Ita ma faibar a gefen titi ake binne ta, masu aikin hanya suna tsinka ta ba dare ba rana, kuma ƙarshenta Legas take nufa, inda yawancin wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka tsaya cak har a nan Arewa. Tanadi na gaskiya shi ne hanya ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta sama.

A nan yaron naka yake da gaskiya. Starlink ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinta suna shawagi a wajen kilomita 550 daga ƙasa, ba kamar na tsohuwar intanet ɗin tauraro ta VSAT da ke kusan kilomita 36,000 ba, inda saƙo ke cin fiye da rabin sakan kafin ya je ya dawo. Sai dai yaron bai yi lissafin wuta ba. Babban farantin yana jan wat 75 zuwa 100, wato kusan yunit biyu na wuta kowace rana in ba a kashe shi, kuma a ƙauye wannan sabon falle ne na sola da ƙarin batir. Ga kuɗin wata sau uku, wanda an sha sauya shi tun 2024. In hadari ya haɗu sosai aka tsuge da ruwa, takan ɗauke na ɗan lokaci. Don haka a Hadejia a sa Starlink, a sa sim a bayanta.

Sito kuma, kilomita 12 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta kwarin Hadejia, aikin rediyon faranti ne. Faranti biyu ake kafawa suna kallon juna, ɗaya a shago ɗaya a sito, irin su PowerBeam na Ubiquiti ko LHG 5 na MikroTik, a zangon gigahaz 5. In an saita su da kyau, sito ya zama kamar wani ɗaki a cikin shagonka, ba kuɗin data ko sisi tsakaninsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kyamara ɗaya mai tura megabit 2 a sakan, in aka bar ta tana aikawa dare da rana, tana cinye sama da gigabait 21 a yini. Ka ninka da yawan kyamarorinka ka ga abin da sim zai sha. Ko da rediyon ma, na'urar ajiye hoto ta zauna a sito, kai kana leƙawa ne kawai in ka so.

Inda ake faɗuwa a aikin rediyo shi ne tsayin ƙarfe. Ganin ido kaɗai ba ya wadatarwa. Saƙon ba ya tafiya a siriri, kumbura yake a tsakiyar hanya, kuma a kilomita 12 yana bukatar sarari na wajen mita 8 a ƙarƙashin layin da ke tsakanin farantan biyu, ga doron ƙasa da ke ƙara wasu mita 2. Ke nan mita 10 a saman duk abin da ya fi tsayi a tsakani. In akwai kuka ko giginya ko jerin darbejiya a hanyar, kana maganar ƙarfe mai mita 20 zuwa 25 a kowane ɓangare. Kada ka yarda da awon da aka yi da rani kawai, lokacin kuka ta kakkaɓe ganye, sai damina ta sauka ka ga saƙo ya yi ƙasa. Gawo ne kaɗai ke yin akasin haka, shi da damina yake zubar da nasa. In wani ya zo maka da na gigahaz 60 yana cewa shi ne sabo, ka ce masa na gajeren zango ne, ruwan sama yana kashe shi. Mai haɗin ya tsaya a zangon da hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a yi amfani da shi ba lasisi, kuma kada maƙwabta su ja ka ka fara sayar musu da intanet, wannan sana'a ce mai lasisinta daban.

In kuɗin ƙarfe ya yi yawa, akwai hanya mai sauƙi, kuma ita zan ba ka shawara a Gumel, don can ya yi wa rediyo nisa. MiFi a cikin shago mai rufin kwano rabin saƙo take samu. A sayi rawutar 4G ta waje mai faranti, a ɗaure ta a saman rufi, a juya ta ga ƙarfen da ya fi lafiya ko da ba shi ne mafi kusa ba. A tabbatar tana kama ƙananan zanguna na megahaz 700 da 800, su ne masu tafiya da nisa. Kada a caje ka ƙari don 5G. MTN ya buɗe ta a 2022, Kano na cikin biranen farko, amma a gigahaz 3.5 take, ba ta nisa da ƙarfenta.

Saura yadda Gumel za ta shiga kwamfutar Hadejia. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, kusan biliyan 4.3 ne, kuma babban rumbunsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Shi ya sa kamfanonin sim da Starlink ta gida suke cusa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya. Kai kana iya fita, amma na waje ba zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Maganinsa a yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke zaune a intanet dare da rana, mai tsayayyen adireshi, ta Legas ta fi ta Turai kusa, kowane shago ya kira ta, su haɗu a can ta WireGuard, manhajar da ke samar da rufaffiyar hanyar. WireGuard ya shiga cikin Linux a Maris 2020, yana kuma cikin RouterOS 7, ba shi da nauyi, kuma in rawuta ta sauya daga Starlink zuwa sim yakan ci gaba ba tare da an taɓa shi ba. Tailscale da ZeroTier ma suna yin aikin in ba a son hayar saba. In ka ji an ce a yi hanyar da tsohon tsarin PPTP, ka ƙi, an fasa tsaronsa tun 2012, Apple ma ya cire shi daga wayoyinsa a 2016. Kyamarori kuma ta cikin wannan rufaffiyar hanyar za ka riƙa kallonsu. Babban harin intanet na Mirai na 2016 da kyamarorin da aka bari a buɗe da kalmar sirrin kamfani aka yi shi.

Wani abu da masu haɗa waya ba su cika damuwa da shi ba: yawancin manhajojin lissafi na kan tebur an gina su ne don ofis ɗaya. In yaron shagon Gumel ya buɗe fayil ɗin kai tsaye daga nesa, sabis ya yanke yana tsakiyar rubuta rasit, duk littafin yana iya lalacewa. A sa shi ya shiga ta Remote Desktop, aikin yana gudana a Hadejia, shi hoton allo kawai yake gani. Kowane dare kuma a kwafi lissafin zuwa wani wuri daban.

A saita rawuta ta riƙa gwada wani adireshi na nesa, irin 8.8.8.8 ko 1.1.1.1, ba ta tsaya ga sandunan sabis ba. Ka san yadda waya ke nuna sabis cike amma ko saƙon WhatsApp ba ya fita. A kuma ba POS da lissafi gaba a layi, in ba haka ba TikTok ɗin yaran shago zai shanye komai ranar kasuwa.

Sabunta manhajar rawuta wajibi ne. A Afrilun 2018 MikroTik ya toshe wata ɓaraka a Winbox, manhajar saita rawutocinsa, amma bayan watanni aka gano sama da rawuta 200,000 da ba a sabunta ba an sa su suna cusa wa masu amfani da su manhajar haƙar kuɗin kirifto, masu su ba su sani ba. Sai dai ba a yin sabuntawar daga nesa ana tsakiyar cinikin taki. A ajiye kwafin saiti, a fara da ta Hadejia inda akwai mai kallo, sannan sauran.

Abin da ya fi kashe kayan nan a wajenmu tsawa ce da zafi. Ƙarfe mai mita 20 a fili gayyatar aradu ne, don haka a binne masa ƙarfen ƙasa na kirki, a sa mai kare tsawa a wayar rediyon, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, wayar kuma ta zama ta waje mai sulke, kada ta wuce mita 100. Rawuta da rediyo su sha wuta kai tsaye daga batir, ba sai ta inbata ba. Batir ɗin kada a kulle shi a akwatin ƙarfe a rana, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 zai gajarta masa kwana. Da hunturu a sa yaro ya riƙa goge ƙurar falle.

Duk wanda ka ba aikin, ko ɗan kwangilar nan ne, ka riƙe wani kaso na kuɗinsa sai ranar miƙawa. Ranar ya rubuta maka kalmar sirrin kowace na'ura a takarda, ya ba ka kwafin saitin, asusun Starlink da na saba su kasance da sunanka da lambarka. Sai ka kira yaron Gumel ka ce ya fara rubuta rasit, kai kuma ka zare wayar Starlink da hannunka. In cikin minti ɗaya ya ci gaba da aiki ta sim, ka mayar da wayar, ka zare sim ɗin, ka sake gwadawa, sannan ka biya cikon.