Kun Tambaya: Tankin Murjani a Falo, Wace Fitila, Wane Famfo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi na kifi mai cin lita 60, ina son in mayar da shi na ruwan teku in sa murjani mai rai. Fitilar da ta zo da shi za ta wadatar? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba za ta wadatar ba. Murjanin da muka sani a wuyan amare ƙashin wata dabbar teku ce, mai ran da ake sawa a tanki kuwa yana ɗauke da wata ƙaramar gansakuka a cikin naman jikinsa, ita ke amfani da haske ta haɗa masa yawancin abincinsa. Fitilar nan ita ce tukunyar girkinsa. Wadda aka yi wa kifin ruwan daɗi ba ta da ƙarfi, kuma ba ta da isasshen shuɗi, alhali gansakukar nan ta fi amfana da shuɗin haske mai nanomita 420 zuwa 460 a ma'aunin launin haske.

Amma kafin ka je wurin mai fitila, yanke shawarar irin murjanin da za ka ajiye, don shi zai gaya maka fitilar. Ana auna hasken da ke isa jikinsa da ma'aunin da ake kira PAR. Murjani mai laushi, irin su Discosoma mai kama da laimar kwaɗi da Zoanthus, yana rayuwa lafiya a PAR 50 zuwa 100. Mai ƙashi da manyan bakuna, kamar Euphyllia, yana son 75 zuwa 150. Mai rassa irin Acropora sai 200 zuwa 350, kuma wannan ba na sabon shiga ba ne, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa a shekarar farko.

Ga lita 60 da murjani mai laushi, fitilar LED ta tankin teku mai wat 30 zuwa 50 ta isa. Abu biyu za ka duba: a iya rage ƙarfinta, kuma a iya saita shuɗi daban da fari. AI Prime da Kessil sun yi suna a ƙananan tankuna, amma akwai masu araha da ke yin aikin. Rataye ta santimita 20 zuwa 25 sama da ruwa don hasken ya bazu kuma feshin gishiri kada ya ci ta. Awa 8 zuwa 10 a rana, da taima, lokaci ɗaya kullum. Idan farin ya yi yawa, gansakukar banza mai manne wa gilashi ce za ta fi murjanin jin daɗi, ka wayi gari gilashi ya yi kore shar. Haka ma hasken rana kai tsaye, don haka tanki ya nisanci taga.

Sauran kayan: famfon kaɗa ruwa mai juya ninki 10 zuwa 20 na ruwan tankin a awa, wato lita 600 zuwa 1,200 a naka, a karkata bakinsa sama kaɗan har fuskar ruwa ta riƙa rawa, kada a nufi murjani da shi kai tsaye. Dutsen teku mai ramuka kamar kilo 6, shi ne matatar gaske, don a ramukansa ƙananan ƙwayoyin halitta da ke cinye ammoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, suke zama. Ka bar tankin mako 4 zuwa 6 babu kifi, sai gwaji ya nuna ammoniya da naitirait, gubar da ammoniya ke rikiɗewa ta zama, sun koma sifili. Kuma idan an taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe a tankin nan, sayi wani, jan ƙarfe guba ne ga murjani. Teburin ma a duba shi, don da ruwa da dutse da gilashi nauyin zai kai kilo 80.

Tambaya: Da zafin bazara da ɗauke wuta, anya abin nan zai yiwu a garinmu? Daga wata mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta kamata kowa ya fara yi. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26. Idan ruwa ya daɗe a kusa da 30, sai ya kori gansakukar jikinsa, ya yi fari fat, ya mutu da yunwa. A Sakkwato watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, ƙaramin tanki kuma yana bin zafin ɗaki cikin 'yan awanni. Fanka ƙarama da ke hura fuskar ruwa tana rage digiri biyu ko uku a busasshiyar iska, wannan bai isa ba. Ko dai ɗaki mai AC, ko na'urar sanyaya ruwan tanki. Da hunturu kuma a sa hita mai wat 50 mai kashe kanta.

In aka ɗauke wuta, ba fitila ce abin damuwa ba. Murjani zai jure duhun kwana biyu ko uku. Ruwan da ya tsaya cak shi ke kisa, iskar shaƙa na ƙarewa cikin awanni, balle da zafi. Famfon kaɗa ruwa ba ya cin fiye da wat 5 zuwa 10, ki ɗora shi a kan inbata ko sola, ki ajiye famfon iska mai batir don ko-ta-kwana. Idan babu tsayayyar wuta ta sanyaya, gaskiya kuɗin murjanin ki ajiye su tukuna.

Tambaya: Zan iya haɗa ruwan da gishirin kasuwa da ruwan burtsatse? Daga Zariya.

Amsa: A'a, duka biyun. Gishirin miya ba shi da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran da murjani ke gina jiki da su. Akwai gishiri na musamman, irin su Instant Ocean da Red Sea. Ruwan kuma sai wanda ya bi ta matatar RO/DI mai tace duk sinadaran da ke cikin ruwa, ma'aunin TDS mai auna abin da ya narke a ruwa ya nuna sifili, don na famfo da na burtsatse kan ɗauko sinadaran da ke ciyar da gansakukar banza. Zuba kusan giram 35 zuwa 38 a kowace lita, gishiri a kan ruwa ba ruwa a kan gishiri ba, a bar famfo ya juya shi a bokiti ya kwana, sannan a auna da ma'aunin gishiri mai madubi har ya nuna 1.025.

Ga inda mutane ke faɗawa rami: ruwa na tafiya da tururi, gishiri ba ya tafiya. Abin da ya ƙafe a cike shi da tataccen ruwa marar gishiri, kullum, zuwa layin da ka zana a jikin gilashin da alƙalamin maka. Ruwan gishiri sai wajen canji, kashi goma cikin ɗari duk mako, lita 6 ke nan a tankin lita 60.

Tambaya: Dole ne in sayi na'urar kumfa mai cire datti? Daga Jos.

Amsa: A ƙasa da lita 100 da kifi biyu, ba dole ba ne. Canjin ruwa na mako ya ishe ka.

Tambaya: Na sa sabuwar fitila mai tsada, cikin mako guda murjanina ya koɗe ya tsuke. Me ya faru? Daga Abuja.

Amsa: Mai yiwuwa ka buɗe ta gaba ɗaya ne. Murjanin da ya saba da haske kaɗan yana ƙonewa da mai ƙarfi, kuma hasken LED mai shuɗi yana yaudarar ido, ya yi maka dishi-dishi alhali yana da zafi a wurinsa. Rage ta zuwa kashi 30 ko 40, sauko da murjanin ƙasan tanki, ka riƙa ƙara kashi 5 duk mako. In ya yi launin ƙasa-ƙasa yana miƙewa sama, haske ne ya yi masa kaɗan. Duba ma'aunin zafi ma, don zafi na kawo irin wannan koɗewar. Muddin akwai nama a jikinsa yana iya farfaɗowa cikin makonni. Idan Zoanthus ne, sa safar hannu da tabarau kafin ka taɓa shi, wasunsu na da dafi mai haɗari.