Ana iya ja da sakamakon gwajin barasa a kotu?

Tambaya: Ƙanena yana zaune a Amurka. 'Yan sanda sun tsayar da shi da dare, ya hura na'urar gwaji ta nuna 0.09, yanzu ana tuhumarsa da tuƙi cikin maye. Lauyansa ya ce zai ƙalubalanci gwajin. Ashe ana musu da abin da na'ura ta faɗa?

Amsa: Ana yi, kuma lauyan yana kan hanya. A mafi yawan jihohin Amurka iyakar da doka ta sa wa direba ita ce kashi 0.08 cikin ɗari na barasa a jini, Yuta ce kaɗai ta sauko da tata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018. To ka ga tazarar da ke tsakanin ɗan'uwanka da iyakar ƙanƙanuwa ce.

Na'urar hurawa ba jini take aunawa ba. Numfashi take aunawa, sannan ta yi lissafi bisa zaton cewa barasar da ke cikin mililita 2100 na numfashi daidai take da ta mililita 1 na jini. Wannan ƙiyasi ne, jikin mutane kuwa ya bambanta. Sannan ana son ɗan sanda ya sa wa mutum ido na minti 15 zuwa 20 kafin gwajin, domin gyatsa ko amai ko ƙwannafi kan dawo da barasa baki, sai adadin ya haura. Lauya zai nemi takardun da ke nuna ranar ƙarshe da aka daidaita na'urar da kuma horon wanda ya yi gwajin. A ganina, nan ne aka fi samun ɓaraka.

Akwai kuma batun lokaci. Barasa kan ci gaba da hauhawa a jini bayan an gama sha, don haka adadin da aka samu a ofishin 'yan sanda yana iya zarce na lokacin da ake tuƙin.

In jini aka ɗiba, sai a bi diddigin hannun da kwalbar ta bi da yadda aka adana ta. A 2011, a shari'ar Bullcoming, Kotun Ƙolin Amurka ta ce wanda ake tuhuma yana da haƙƙin yi wa ma'aikacin ɗakin gwajin da ya sa hannu a sakamakon tambayoyi, ba a turo abokin aikinsa a madadinsa ba.

Amma kada ku saki jiki. Masu gabatar da ƙara za su kawo bidiyon ɗan sanda da bayaninsa kan yadda ɗan'uwanka yake tafiya da magana a daren. Shi dai ya gaya wa lauyansa gaskiyar abin da ya sha da ƙarfe nawa, da duk wani magani ko ciwon ciki da yake fama da shi, tun kafin ranar zaman kotu.